Hukuncin da Aka Rubuta Tun Litinin

Shekara ashirin da biyu matar ta yi tana aiki a hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi, kuma duk girman ginin ba mai kiran ta da sunanta. Jan Biro suke ce mata. Takarda ba ta biyowa ta teburinta ta fita yadda ta shigo. Ko daga ofishin wa ta fito, sai ta koma da jan layi a ƙarƙashin kwanan wata ko lambar sashen da aka rubuta ba daidai ba. Ana ganin girmanta, amma ba mai son a haɗa shi kwamiti ɗaya da ita.

Bara aka yi sabuwar doka a kan yadda hukumomi za su riƙa mu'amala da jama'a. Manyan abubuwan da ke cikinta biyu ne. Ba hukumar da za ta ƙwace wa mutum lasisi ta rufe ƙofa. Dole ta ajiye jami'in da zai saurari ƙorafinsa ya yanke hukunci, kuma ba mai ikon gaya wa jami'in abin da zai yanke. Sannan duk ƙa'idar da hukuma ta fitar ba ta da ƙarfi sai an buga ta a jaridar gwamnati, an ba mutane kwana sittin su faɗi ra'ayinsu. Da aka zo naɗa mai sauraron ƙorafi a hukumarsu, manyan suka dubi juna suka ga hanya ta samu ta sauko da Jan Biro daga bene na uku. Aka kwashe karyayyun kujeru daga wani sito a ƙasa, gefen matakala, aka shafa fenti, aka sa tebur ɗaya da kujeru huɗu da wata fanka mai ƙara, aka liƙa allo a ƙofar. Wata biyar tana zaune a ɗakin ba a kawo mata ko fayil ɗaya ba. Ta karanta dokar har ta haddace ta.

Ran wata Litinin da safe mai buga takardun hukumar ta shigo ta ajiye fayil a gabanta, ta juya za ta fita ba ta bari sun haɗa ido ba. Jan Biro ta buɗe. A sama akwai ƙorafin wata ungozoma da rubutun hannu, ƙarƙashinsa wasiƙar ƙwace mata lasisi. Can ƙasa kuma shafi biyu ne bugaggu tsaf, an rubuta cewa bayan sauraron ɓangarorin biyu ranar Alhamis, an yi watsi da ƙorafin. Ga sunanta a ƙasa, ga wurin da aka bar mata ta sa hannu.

Ta kira mai buga takardun ta tambaye ta yau wace rana ce. Ta ce Litinin. Ta tambaye ta wa ya ba ta wannan.

"Daga sama ne, Anti. Ni dai abin da aka ba ni na buga."

Ta sallame ta, ta zauna ta bi fayil ɗin shafi-shafi. Wata uku da suka wuce hukumar ta fitar da ƙa'ida cewa duk ungozomar da makarantarta ba ta cikin sabon jerin makarantun da aka amince da su, lasisinta ya mutu. An ce don a kawar da masu takardun bogi ne, kuma da gaske akwai su. Sai dai wanda ya haɗa jerin makarantun da ke buɗe yau kawai ya ɗauko. Akwai wata tsohuwar makarantar ungozomomi ta gwamnati da aka rufe shekara goma sha biyar baya aka haɗe ta da wata, ita ba ta shiga ba. Mata arba'in da ɗaya da suka fito daga cikinta aka rubuta wa wasiƙa, aka ba kowacce kwana goma sha huɗu ta shigar da ƙorafi. Wasiƙun suna ɗauke da ɗaya ga wata, takardar sashen aika saƙo kuma ta nuna sai sha biyu ga wata aka kai su gidan waya. Kafin su isa hannun masu su, wa'adi ya wuce. Mace ɗaya ce ta tsira, ita ma don ta zo hukumar da ƙafarta neman wata takarda aka miƙa mata tata hannu da hannu. A kan matakala ta zauna ta rubuta ƙorafinta a ranar.

Jan Biro ta sa fayil ɗin a hammata ta hau bene na uku. Daraktan hukumar ƙaninta ne a aiki. Ita ta koya masa yadda ake buɗe fayil shekarar da aka ɗauke shi, har yau kuma in ba kowa a wurin Yaya yake ce mata. Ya miƙe ya tarbe ta, ya ce a kawo shayi. Ba ta zauna ba. Ta zare shafuka biyun ta shimfiɗa masa, ta ce ta zo jin yadda zaman Alhamis ya gudana ne, tunda ga shi har an yi an gama ba ta da labari.

Ya yi dariya ya ce ai daftari ne, don a rage mata aiki. Da ya ga fuskarta ba ta motsa ba, ya yi ƙasa da murya. Ya ce in aka buɗe wa mace ɗaya ƙofa, arba'in za su biyo ta, bayansu kuma masu takardun bogin na gaskiya za su zo da lauyoyinsu. Ya ce ya riga ya shaida wa ma'aikata an tsabtace sana'ar, adadin ma yana cikin rahoton da ya aika, ba zai koma ya ce ya yi kuskure ba.

"Yaya, ki sa hannu kawai. Ba wanda zai duba."

"Matar za ta duba, ranka ya daɗe."

Ya san ba ta ce masa ranka ya daɗe sai ranta ya ɓaci. Ya tuna mata shekara uku suka rage ta ajiye aiki, me za ta yi da rigima a wannan lokaci. Ita kuma tambaya ɗaya ta yi masa: a wane bugu na jaridar gwamnati aka fitar da ƙa'idar? Ya ce wannan sai lauyan hukuma, ya jawo wata takarda ya hau karantawa. Ta naɗe shafukanta ta fito, ta yi karo da mai kawo shayin a ƙofa.

Tana sauka ta rubuta wa lauyan cewa ya zo ranar Alhamis da bugun jaridar da ƙa'idar ta fito, ta aika wa ungozomar kwafi. Washegari da rana ta je ɗakin karatu na gari ta sa aka sauko mata da jaridun gwamnati na wata shida. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har yatsunta suka yi baƙi. Ta ga ƙa'idar kiwon kifi, ta ga ta motocin ɗaukar kaya, ta ga ta masu haƙa rijiya. Tasu babu.

Da yamma ta koma gida a cike. Mijinta mai gyaran firji ne, yana tsakar gida ya baje wani inji a kan tsohuwar jarida, yana jin yadda ake buga tukwane a kicin. Da abin ya yi yawa ya ɗaga murya ya ce ita ma tukunyar nan a saurare ta kafin a yanke mata hukunci. Ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a kansa ta zayyana masa komai. Ta ce zaluncin da aka yi wa matan daban, amma abin da ke cin ta shi ne rainin. Mutanen nan sun san ta shekara ashirin da biyu, sun ga ta mayar wa shugabanni uku da takardunsu saboda waƙafi, amma suka zauna suka buga sunanta a ƙarƙashin ƙarya suna jiran ta sa hannu kamar mai karɓar saƙo.

Ya goge hannunsa da tsumma ya tambaye ta me zai faru in ta ƙi. Ta ce za su san inda suka jefa ta. Ya ce in ta sa fa?



"Maman Auta, in kika sa hannun nan mu za mu sha masifarki a gidan nan har shekara ta ƙare. Gara su su sha, su suka jawo."

Ta harare shi ta koma kicin, amma tukwanen sun samu lafiya.

Ranar Alhamis ƙarfe goma ungozomar ta iso. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta kusa sittin, tabaraunta rataye da igiya a wuya. Tare da ita akwai surukinta, mijin 'yarta, direban tasi, rungume da takardar shaidarta a cikin gilashi yadda aka ciro ta daga bangon ɗakin da take karɓar haihuwa, har da ƙusar a maƙale a baya. Lauyan hukuma ya riga su zuwa, wani siriri mai furfura da kullum kamar bai yi barci ba. Kujeru huɗun suka cika, surukin ya ɗora gilashin a cinya.

Lauyan ya yi bayani a taƙaice. Ƙa'ida ta ce sai makarantar da ke cikin jeri, makarantar wannan baiwar Allah ba ta ciki, shi ke nan. Jan Biro ta juya ga ungozomar ta ce ta faɗi abin da ke bakinta, ba mai katse ta.

Matar ta karɓi gilashin ta ɗora a tebur, ta juya shi ya fuskanci lauyan, ta sa yatsa a kan hatimin da ke ƙasa ta tambaye shi na wane ne. Ya duba ya ce na hukumar ne.

"To. Makarantar nan ku kuka gina ta. Ku kuka ɗauke mu, ku kuka yi mana jarrabawa, ku kuka rufe ta ba ku tambaye mu ba. Yau kuma ku ne kuke tambayata ina take. Ni na ɗauke ta na kai gida?"

Ta ce shekara talatin da huɗu tana sabunta lasisin nan a wannan ginin, ba ta taɓa makara ba, ba a taɓa kawo ƙararta ba. Ta ce ranar da aka zo aka liƙa takarda a ƙofarta mata biyu na zaune a benci suna jiran awo, a gabansu aka karanta cewa ba ta da izini. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa ashe takardar bogi ce da ita. Wata mata da ita ta karɓar mata haihuwar 'ya'ya biyar ta gan ta a hanya ta tsallaka titi.

Lauyan ya jira ta gama, sannan ya tambaye ta ko ta karɓi wata haihuwa tun bayan da aka ba ta wasiƙar. Surukin ya taɓa hannunta ya ce, "Mama," a hankali. Ta janye hannun.

"Uku," ta ce.

Ta fara lissafa su. Ɗaya maƙwabciyarta ce ta jikin bango. Ɗaya a cikin motar surukin nan nata aka kawo ta da tsakar rana, faya ta riga ta fashe, kan ɗa ya sauko, babban asibiti kuma tafiyar awa guda ce in hanya ta cushe. Ta tambayi lauyan ko da ta ce wa yarinyar ta matse ƙafa ta jira Alhamis.

Lauyan ya ce shi ba wannan ya tambaya ba. Ya ce yana so a rubuta cewa mai ƙorafi ta amsa da bakinta ta yi aiki ba lasisi har sau uku, laifin kuma na iya kai mutum gidan yari. Surukin ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi. Jan Biro ta ce masa ya ɗaga kujerar ya zauna ko ya jira a waje. Muryarta ba ta tashi ba. Ta rubuta abin da lauyan ya ce a rubuta, kalma-kalma, sannan ta tambaye shi jaridar da ta ce ya zo da ita.

Ya zaro wata takarda ya miƙo. Sanarwar cikin gida ce mai sa hannun Darakta. Ya ce an liƙa ta a allon sanarwa na bene na biyu, an kuma ɗora ta a shafin hukumar na intanet. Ta tura masa littafin dokar a buɗe ta ce ya karanta sashe na tara kowa ya ji. Ya karanta: ƙa'idar da ba a buga a jaridar gwamnati ba, ba a kuma ba jama'a kwana sittin ba, ba ta hau kan kowa ba. Ta tambaye shi ko allon bene na biyu shi ne jaridar gwamnati. Ya ce ba a umarce shi ya yi magana a kan wannan ba. Ta ce kowa ya dawo ƙarfe biyu.

Suna fita mai buga takardu ta leƙo ta ce an ce ta shaida mata injinta yana da aiki har mako mai zuwa. Hatimin ofis kuma yana kulle a durowar sakataren Darakta, sakataren ya tafi taro da makullin. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, ta ƙara da cewa Anti ta yi haƙuri, ita tana da yara.

Jan Biro ta rufe ƙofa ta yi tsaki mai tsawo. Ta san dokar ba ta ambaci inji ba, ba ta ambaci hatimi ba. Abin da ta ce shi ne hukunci ya fara aiki da zarar an karanta shi a gaban ɓangarorin biyu, kowa ya sa hannu ya karɓi nasa. Ta ɗauko farar takarda ta rubuta shafi huɗu da hannunta, ba ta ci abincin rana ba, ta tsallaka titi zuwa shagon da ake kwafin takardu ta sa aka yi mata uku.

Ƙarfe biyu ta karanta musu a tsaye. Ƙa'idar ba a buga ta ba, don haka ba ta da ƙarfi. Ƙwace lasisin da aka yi a kanta bai ƙwatu ba tun ranar farko. Tunda lasisin bai taɓa barin hannun mai shi ba, haihuwa ukun da ta karɓa aikinta ta yi, ba laifin da za a kai gaba. Sauran mata arba'in ba fayil ɗinsu a gabanta, ba za ta yanke musu hukunci ba, amma ƙa'idar da ba ta hau kan mace ɗaya ba, ba ta ga yadda za ta hau kan arba'in ba.

Wayar lauyan na kan tebur tana ta girgiza, sunan Darakta na haskawa. Ya dube ta, ya kife ta, ya ɗauki biro ya sa hannu. Yana miƙo takardar ya ce a hankali shi tun watan jiya ya gaya musu su buga ta.

"Ka gaya musu," in ji Jan Biro. "Ka san ba a buga ba, ka zo ka zauna nan kana nuna wa matar nan gidan yari."

Ya tattara takardunsa ya fita.

Ungozomar ta sa tabarau ta sake karanta shafin ƙarshe da kanta. Ta tambaya ko yanzu ta buɗe ɗakin aikinta. Aka ce ta buɗe. Ta gyaɗa kai, ta ce to wa zai bi unguwa gida-gida ya gaya wa mutane takardar ba ta bogi ba ce? Jan Biro ta ce wannan dokar ba ta tanadi komai a kai ba. Matar ta ce ta yi zaton haka. Ta yi godiya gajeruwa, surukin ya rungumi gilashin suka tafi.

Larabar da ta biyo baya wasiƙa ta zo. An ƙara wa Jan Biro girma, an naɗa ta shugabar sashen adana tsofaffin fayiloli, a wani gini can bakin gari bayan tashar manyan motoci. Darakta bai kira ta ba. A kan matakala suka haɗu tana sauka da kwalin kayanta, shi yana hawa da mutum uku a bayansa. Ya tsaya ya ce mata ta san ba haka ya so ba, ita ta ja.

"Ni na koya maka buɗe fayil," ta ce, yadda na bayansa za su ji. "Ashe na manta ban koya maka kunya ba."

Ta raɓa shi ta wuce.

Bayan mako biyu hukumar ta buga ƙa'idar a jaridar gwamnati, a shafi na kusa da ƙarshe. An yi mata kwaskwarima: waɗanda suka fito daga rufaffiyar makarantar za a mayar musu da lasisi in sun sake zama jarrabawar masu fara aiki. Ungozomar da surukinta suka shiga tasi suka yi ta yawon neman sauran, har suka samo ashirin da tara. Kowacce ta rubuta ra'ayinta, aka kai hukumar kafin kwana sittin su cika. Da suka cika, ƙa'idar ta fara aiki ba a canza ko harafi ɗaya ba. A ɗakin gefen matakala kuma an zaunar da wani daga ofishin Darakta, wanda aka ce hannunsa da sauri. Fayil ba ya kwana biyu a teburinsa, ba a kuma ji wanda ya fito daga ɗakin da nasara ba.

Sabon wurin Jan Biro dogon zaure ne mai rufin kwano, kantoci har sama, ƙamshin tsohuwar takarda da kashin ɓera. Ranar da dokar ta cika shekara tana can tana jera fayilolin mutanen da suka daɗe da mutuwa, ta ji muryar Darakta a rediyon mai gadi. Yana cewa a hukumarsu dokar na aiki sosai, har hukunci aka taɓa yankewa a kansu suka karɓa hannu biyu, wannan ya nuna mai sauraron ƙorafi yana da cikakken 'yanci. Ta fito ta ce wa mai gadin ya kashe rediyon nan ko ya ɗauke shi ya koma bakin titi. Mutumin bai san laifinsa ba, ya kashe.

Bayan jarrabawar da kamar wata ɗaya, da hantsi, ungozomar ta zo ita kaɗai. Ta sha wahalar gano wurin, ƙafafunta sun yi futu-futu. Jan Biro ta share mata kujera. Matar ta ce ta ci jarrabawar. Ta zauna ne cikin 'yan matan da ba su kai 'yarta ba, aka miƙo mata 'yar tsana ta roba aka ce ta nuna yadda ake riƙe kan jariri, mai kula da su kuma ta rage mata maki don ba ta faɗi matakan a jere yadda littafi ya kawo ba. Su goma sha takwas suka zauna, sha huɗu suka ci. Sauran da ba su zauna ba sun ce ba za su je a wulaƙanta su da furfurarsu ba. Ɗaya yanzu labule take sayarwa. Ɗaya ta rufe ɗakinta ta koma gidan ɗanta. Wadda ta fi su iya juya ɗan da ya zo a karkace ta sayar da gadon da take karɓar haihuwa a kai.

"Kin ce min in buɗe," in ji ta. "Na buɗe wata biyu, aka ce in je in nuna wa yara na iya."

Jan Biro ba ta kare kanta ba. Ta tambaye ta ra'ayoyin nan ashirin da tara da suka kai, ko hukumar ta amsa wa wata a rubuce. Ta ce ko ɗaya. Jan Biro ta ce sashe na goma sha ɗaya ya wajabta a amsa wa duk wanda ya rubuto, da dalili, kafin ƙa'ida ta fara aiki, kuma wannan ba maganar ɗakin gefen matakala ba ce, maganar babbar kotu ce.

Matar ta dube ta ta saman tabarau. Ta ce kotu kuma? Ta ce ita ta gaji, tana da mai ciki wata tara da ke iya neman ta kowane lokaci, ba ta da ƙafar hawa wani benen. Jan Biro ta ce ita ma ta gaji, amma sashen na nan, ba ita ta sa shi ba.

Daga baya biyar daga cikin matan sun kai maganar kotu, ungozomar ba ta cikinsu, ko da yake surukinta ne ke kai su. An ɗage zaman sau uku, har yanzu ba a yanke ba, Darakta kuma an mayar da shi wata hukuma da ta fi wannan girma.

A ranar dai Jan Biro ta kulle zauren ta raka baƙuwarta tashar bas. Tun daga ƙofa suka hau caccakar mutanen hukumar, suka fara da wanda ya haɗa jerin makarantun, suka gangaro kan wanda ya danne wasiƙun kwana goma sha ɗaya, ɗaya na ajiyewa ɗaya na ɗauka. Bas ta zo ta tsaya, ungozomar ta ɗaga mata hannu alamar ta wuce, don ba su ma iso kan lauyan ba. Ta biyu ma haka. Sai a ta uku ta shiga, ta samu wuri jikin taga, ta zuro kai tana ƙarasa maganarta motar na tafiya.